Shari'ar da Malam Ɗan Azumi Ya Bari

Birnin Damagaram, bayan girbi

Da sunan Allah Mai rahama. Daga Fanta zuwa ga aminiyata Zara a Takieta, gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci. Ina tambayar lafiyarki da ta maigidanki da yara, har da autar nan taki mai kukan tsiya. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Bayan haka, na san labari ya riga takardata zuwa, amma ina so ki ji daga bakina. Allah ya yi wa Alƙali Tahiru rasuwa a ƙarshen damina, da zazzaɓin nan da ya ɗebi tsofaffi. Ba a tashi daga zaman makokinsa ba Malam Ɗan Azumi ya bi shi. Mutanen Birni na cewa wai ya bi shi ne su ƙarasa gardamar da suka saba. Allah ya jiƙansu, ya sa sun huta.

Ranar sadaka na je gidan Malam taya matarsa Gwaggo aiki, don ko ba komai ita ta koya mana rubutun nan da nake miki. Ina bayan zana ina tuƙa tuwo, ina jin maza a zaure kowa da abin da ya tuna. Aka ce Alƙali tun da ya hau buzun shari'a bai ƙara cin abinci a gidan kowa ba, ko na surukinsa. Aka tuna shekarar da ya karɓe rijiya daga hannun wani bafade ya mayar wa masu ita, aka sauke shi, ya tafi Mirriya ya kama noman gero abinsa. Da zauren shari'a ya gagari kowa aka aika masa da doki. Ya aiko da dokin gaba, shi ya biyo baya a kan jakinsa.

Malam kuwa ba sai na gaya miki ba. Mu mata da ba mu iya buɗe baki gaban Alƙali, shi ne bakinmu. Ashe fataucin kanwa ya fara yi, sai da gemu ya cika masa fuska ya kama karatun littattafai. Kin tuna yadda yake shimfiɗa buzu a ƙofar gida, ya yi ta tauna goro, mace ta wuni tana zuba masa surutu, har ki ɗauka barci yake yi? Gobe ya je gaban Alƙali ya faɗi magana uku, shari'a ta tashi. Garkar mahaifinki da baffanninki suka so cinyewa ma an ambace ta, aka yi ta dariya yadda ya bar babbansu ya yi ta magana har ya kama kansa.

Zara, ni ban yi dariya ba. Duk wanda ya yi magana a zauren nan tasa shari'ar ta ƙare, tawa ce kawai ke rataye. Shekara bakwai ke nan da maigida ya bi ayari zuwa Gat bai dawo ba. Malam ne ya kai maganata, Alƙali ya ɗiba mini shekara huɗu na jira, in sun cika babu labarinsa in yi takaba in fita. Damina ɗaya ta rage. Yanzu wanda ya yanke da wanda ya sa aka yanke duk suna ƙarƙashin ƙasa. Ki sa ni a addu'a.

Ki gaida maigidanki. Wassalam.
Taki, Fanta

Birnin Damagaram, da bazara

Daga Fanta zuwa ga aminiyata Zara. Gaisuwa da fatan alheri. Yaya zafi, yaya jikin autar? Na sami saƙonki da daddawar da kika aiko, Allah ya bar zumunci.

Kin ce in kwantar da hankalina, ai maƙwabta sun san da wa'adin. Haka ne, mutum biyu sun shaida, sabon Alƙali kuma ya karɓa. Ta wani gefe matsalar ta ɓullo. Ya ce shi mutumin da ya ɓata ba ya aiko da gaisuwa, unguwa kuwa duk ta san maigida yana gaida mahaifiyarsa kowace shekara.

Bari in gaya miki abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, don Malam ne ya hana. Madugu Sallau, wanda suka tafi tare, shi ke kawo gaisuwar. Duk sa'ad da ayari ya sauka a Zango sai ya zo ya durƙusa gaban Iya, ya ce ɗanta na lafiya, ciniki ne ya riƙe shi, ga ɗan dabino ya aiko. Dabinon na Sallau ne, gaisuwar ma tasa ce. Sun rabu ne a wata rijiya gaba da Abzin, maigida ya koma neman raƙumin da ya ɓace, ba a ƙara ganinsa ba. Sallau ya kasa gaya wa tsohuwa a shekarar farko, daga nan kuma bakin ya yi masa nauyi.

Malam shi ya gano haka, ban san ta yaya ba. Sai ya jira har Iya ta tafi garin Dogo biki, ya kai Sallau gaban Alƙali da tsakar rana, aka sallami kowa. Nan Sallau ya faɗi gaskiya yana kuka. Da suka fito Malam ya ce masa ya ci gaba da kai dabinonsa, shari'a ta sami abin da take so, a bar wa tsohuwa nata. Na tambaye shi ranar da wa'adi ya cika fa? Ya ce in bar masa, ya san yadda zai shiga ɗakinta da maganar. Ya tafi da wannan sanin.

Yanzu Malam Gambo ne wakilina. A Kukawa ya yi karatu, littafi kam yana kansa, kuma ba shi da mugunta ko kaɗan. Ya ce Sallau ya iso, ya yarda zai maimaita. Amma wai tunda Iya magajiyar wanda ya ɓata ce, haƙƙinta ne ta zauna ta ji. Na ce masa marigayi bai yi haka ba. Ya amsa mini da ladabi cewa marigayi mutumin kirki ne, amma abin da aka yi a ɓoye shi ya jawo mana wannan.

Ina tsoro, Zara. Ɗaki ɗaya muke kwana da Iya, idonta ya tafi, ni ce nake kai ta bayan gida. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Amma ina so in goya nawa ɗan kafin lokaci ya wuce ni. Sa'o'ina har sun fara aurar da 'ya'ya, ni kuwa ga ni nan, ba matar aure ba, ba bazawara ba. Gonar maigida ce ke ciyar da ni, don haka ko ƙarar rashin ciyarwa ba ni da ita.

A gaida kowa. Wassalam.
Fanta

Birnin Damagaram, farkon damina

Daga Fanta zuwa ga Zara. Gaisuwa da aminci, da fatan shuka ta kama muku. Mu ma an sami ruwa.

An yi zaman ranar Laraba. Ni na yi wa Iya wanka, na ɗaura mata zanen saƙinta, na riƙo hannunta har zauren Alƙali. Na gaya mata a kan maganar ɗanta ne, ban iya ƙara komai ba. A hanya tana ta sa mini albarka.

Malam Gambo ya yi bayani mai kyau, ya kawo abin da malamai suka ce, har Alƙali na gyaɗa kai. Aka kira Sallau. Yana yin sallama Iya ta gane muryarsa, ta juyo da fuskarta gefensa tana murmushi, ta ce, “Madugu, kai ne? Ka gaya musu yaron nan nawa bai manta da mu ba.”

Alƙali ya tambaye shi yaushe rabonsa da ganin maigida. Sallau ya dubi ƙasa, ya dubi Iya. Tun kafin ya buɗe baki na san na rasa. Ya ce bara ya gan shi a kasuwar Gat, ya yi ƙiba ma. Malam Gambo ya miƙe ya tuna masa abin da ya faɗa jiya jiyan nan, Sallau ya ce bai fahimce shi ba ne. Aka ba shi rantsuwa, ya rantse.

Alƙali ya soke wa'adin. Ya ce mai rai ba a yi masa takaba. Za a rubuta wa alƙalin Gat ya nemo shi, ya umarce shi ya dawo ko ya sake ni, mu jira amsa. Wa zai kai takardar? Sallau. Malam Gambo ya biyo ni waje yana ba ni haƙuri, wai bai taɓa ganin a littafi ba cewa mai gaskiya zai yi rantsuwar ƙarya don tausayi. Na ja hannun Iya muka wuce. Sai yanzu na gane aikin Malam Ɗan Azumi. Mun ɗauka iya magana ce, ashe yawancin aikin ya gama shi tun kafin a zauna, wajen sanin wa zai shiga zaure, wa zai tsaya a waje. Ranar sadakarsa babu wanda ya ambaci wannan.

Kada ki ce in taho Takieta in huta. Matar aure ce ni, da shaidar Alƙali, ba na fita gari sai da izinin mijin da ba a san kabarinsa ba.

Da muka komo gida Iya ta sa aka kira maƙwabta ta yi musu albishir. Rabona da in ji dariyarta irin ta ranar har na manta. Da aka watse ta laluba ta kamo hannuna, ta ce ta san na sha wuya, amma ga shi Allah ya ba ni ladan haƙuri. Ta ce in je in share ɗakin maigida in sake masa daɓe, kada ya zo ya tarar da shi haka.

Na share, Zara. Gobe za a kawo ƙasar daɓen.

Wassalam.
Aminiyarki, Fanta