Majinyacin Gado na Tara

Gadarif, 4 ga Oktoba, 2004

Baba,

Assalamu alaikum. Ya Jidda, ya aiki? Umma tana gaishe ka.

Ban so in kawo ƙarar Yaya Harisu ba, amma abin ya tsaya mini a rai. Mu 'yan sashen noma mun je gonakin Fashaga, muka tarar da wani tsoho mai yankan riɗi, Malam Ɗahiru, kwance da zazzaɓi, cikinsa ya kumbura. Na sa aka ɗauko shi a lori zuwa asibiti, aka ba shi gado na tara. Larabcinsa bai wuce gaisuwa ba.

Da babban likita ya zo zagaye da ɗalibansa, har da Yaya, ya tambaya ko akwai mai jin Hausa. Ina bakin ƙofa, Baba. Yaya ya sunkuyar da kai yana duba takarda. Ɗakin maza ne, ba a barina ciki lokacin zagaye. Yau kwana uku ana ba tsohon magani bisa hasashe, kuma ba sauƙi.

'Yarka,
Rabi'atu

Jidda, 13 ga Oktoba

Harisu,

Bayan sallama, ina lafiya gwargwadon yadda mai tuƙa motar ruwa shekara goma sha ɗaya zai kasance lafiya.

Na ji labarin tsohon. Wallahi da kana gabana da ka sha zagi. Kullum ina cika wa direbobi baki, ɗana zai zama duktur. Duktur ɗin me? Mutum yana nishi da harshen da uwarka ta yi maka rarrashi da shi, kai kana duba takarda!

Amma in zan yi adalci, laifin ba naka ne kai kaɗai ba. Ni na hana ku yin Hausa da zarar kun fita ƙofar gida. Ranar da na je neman takardar zama ɗan ƙasar Sudan, gwaggona ta gaishe ni a layi, na yi kamar ban san ta ba, don kada a ce mini Fallata, sunan rainin da ake kiran irinmu 'yan asalin Yamma. Na samu takardar. Gwaggo ta rasu ba ta sake taka gidana ba. Abin da na koya maka shi ka yi, ka ma fi ni iyawa.

Kuma ni ne na yi wa ƙanwarka dariya da ta zaɓi noma, na ce karatun masu jinya shi ke gyara zuciya. Ga shi mai karatun dawa ita ta ɗauko mutum daga gona.

Ba zan tilasta maka ba, ya waladi. Na gaji, kuma ina nesa. Ka je ka tsaya gaban gadon nan, sannan ka yanke wa kanka.

Mahaifinka,
Kassim

Gadarif, 24 ga Oktoba

Baba,

Ina gaisuwa da girmamawa. Rabi'atu ba ta san abin da ake ce mana a aji ba, ita sashensu rabi 'ya'yan manoma ne. Shekara huɗu ba wanda ya san asalina.

Wasiƙarka ta same ni na riga na je, don ƙanwar tawa ta daina amsa mini gaisuwa. A gaban kowa na ce wa tsohon da Hausa, "Baba, ina ke maka ciwo?" Ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗan nan, ashe kana da baki?" Ya gaya mini wata biyu yana zazzaɓin, a bukka yake kwana a gona. Jin haka likita ya sa a gwada kala-azar, zazzaɓin da ke kumbura saifa, kuma shi ne. An fara allura, jiya ya sha kunu.

Wasu sun yi dariya, wani ya daina zama kusa da ni. Amma da muka fito, Ummusalama, wadda ta fi kowa maki a ajinmu, ta ce mini, "Sannu da aiki." Da Hausa, Baba. Na ɗauka 'yar Khartum ce. Washegari wani ɗan ajinmu, Rufa'i, shi ma ya yi mini Hausa. Yanzu mu uku muke raba tafinta a zagaye.

Ɗanka,
Harisu

Jidda, 2 ga Nuwamba

Harisu da Rabi'atu,

Na karanta, na gode Allah. Ku gaishe mini da Malam Ɗahiru, ku ce ɗan Wada na Doka, jikan Mailafiya, yana yi masa sannu. Ku faɗa da ƙarfi yadda na gado na ɗaya zai ji.

Allah ya yi muku albarka.

Mahaifinku,
Kassim