Inda Take Kai Tulunanta

Yangnam, 4 ga watan Badau

Zuwa ga Yaya Aitarani,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kina lafiya tare da ɗanki da iyalinsa a Daran, kuma ciwon gwiwa ya yi sauƙi. Ni ne Makardoj, mijin marigayiya ƙanwarki Sancarani. Tun ranar da muka binne ta ba ki neme ni ba, ni ma ban neme ki ba. Larura ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Fedangma, mai yi wa mamatanmu addu'a, ya sa ranar sallamar ƙarshe 27 ga watan Mangsir, kusan wata huɗu nan gaba. Kin san ba a sallamar mamaci sai an zuba masa giyar tamba. Matan unguwa sun ce za su dafa, na yi musu godiya na ce a'a. Dalili kuwa, a cikin ƙaramin kwandon da ke rataye saman murhu na tarar da curi biyar na marca, abin da ke tayar da giya, waɗanda ita da kanta ta murza kafin ta kwanta ciwo. Har shatin yatsunta na nan a jikinsu. Na ƙudura cewa giyar da za a zuba mata daga waɗannan za ta fito, kuma ni zan yi.

Na gwada sau ɗaya. Na dafa tamba, na shanya a tabarma, na barbaɗa curi biyu, na zuba a kwando da ganyen ayaba, na lulluɓe da barguna a gefen murhu. Kwana uku ƙamshi ya tashi. Na juye a tulu, na liƙe bakinsa, na bar shi nan gefen murhu don kada ya ji sanyi. Da na buɗe bayan mako uku, tsaminsa sai da ya sa ni hawaye. Aladen maƙwabci ma sansanawa suka yi suka juya.

Ina da ma'aunin zafi tun ina soja, da littafin rubutu. Ki faɗa mini digiri nawa ake so a kowane mataki, zan bi umarni. Saura curi uku.

Ki huta lafiya.
Subeda Makardoj Lingden (mai ritaya)


Daran, 15 ga watan Badau

Subeda,

Na amsa gaisuwa. Gwiwa tana nan yadda ka san ta, zafin garin nan kuma bai bar ni na yi barcin kirki ba tun da ɗana ya sauko da ni daga tudu.

Ka sa hannu da muƙaminka kamar mai rubuta wa gwamna. Na san ko kai wane ne. Kai ne wanda ya yi shekara ashirin da huɗu yana gadin duwatsun Indiya, yana zuwa gida duk bayan shekara biyu a miƙa masa tongba, gorar shan giya, cike, ya zuba ruwan zafi ya zuƙa, ya ce madalla, bai taɓa tambayar ta ina ta bi ta zo hannunsa ba.

Digiri nawa? Uwarmu ba ta san digiri ba, kuma daga ƙauyuka uku ake zuwa shan giyarta. Ka saurara. Ɗumi na kwanakin kwando ne kawai. Ka cusa hannu cikin bargo, in ka ji kamar cikin jariri mai barci, daidai ne. In ka ji kamar goshin mai zazzaɓi, yaye bargo ɗaya. Amma da zarar ta shiga tulu, ta gama da murhu har abada. Kai kuma ka ajiye ta gefen wuta mako uku kana lallashinta. Ba sanyi take ji ba, dafa ta ka sake yi.

Tulu wuri mai sanyi yake so, kuma sanyin da ba ya canza ra'ayi: yadda yake da safe, haka da rana. Hawa da sauka ya fi zafi ɓata giya. Kada ka buɗe, kada ka jijjiga, kada ka leƙa don ka ga ko tana nan. Tana nan.

Kada ka tambaye ni wane wuri. Gidanka ne, ka nemo.

Shawarata ta gaskiya ita ce ka miƙa wa matar maƙwabcinka Dambar ragowar curin, hannunta ba laifi. Namiji bai taɓa tayar da giya a danginmu ba. Amma na san ka, in aka ce maka bari sai ka ƙara ɗaure ɗamara.

Ubangijiyarmu Yuma ta tsare.
Aitarani


Yangnam, 21 ga watan Asoj

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ban miƙa wa kowa komai ba.

Na bi maganarki a kan kwando, ya yi kyau ƙwarai. Sai batun wuri. Na tuna lokacin da muke sababbin aure, tulunanta a soron sama suke, a kusurwar arewa, bayan buhunan masara. Can na hau da tulun. Na ba shi mako huɗu ban taɓa shi ba.

Shekaranjiya na buɗe. Ta lalace. Ba ta kai ta farko tsami ba, amma ba abin da mutum zai zuba wa matarsa ba ne.

Sai a lokacin na yi abin da ya kamata in yi tun farko, na rataye ma'aunin a kusurwar. Da hantsi sha huɗu. Da rana tsaka talatin da huɗu. Na ɗaga kai ina neman dalili, sai ga dalilin a saman kaina yana ƙyalli: rufin kwano. Ni na sa aka yaye jinkar gidan shekara huɗu da suka wuce, da na dawo gaba ɗaya. Gidanmu ne na farko a Yangnam da ya yi kwano, kuma kin san yadda na riƙa tsayar da mutane a hanya ina nuna musu.

Ga abin da ya tsaya mini a rai. Shekara huɗun nan ina gida kullum. Giyarta ba ta taɓa canzawa ba, ko sau ɗaya. To, ba a soron take ajiyewa ba ke nan. Na duba ƙarƙashin gado, na duba rumbu, na duba bayan garken awaki. Na tambayi matar Dambar, ta sunkuyar da kai ta ce ita ba ta sa ido a harkar gidan mutane.

Saura curi ɗaya, Yaya, kuma saura mako tara. Ɗaya ba zai shayar da baƙi ba, ƙaramin tulu kawai zai tayar, wanda za a zuba mata a kuma ba manya. Ya ishe ni. Ban taɓa roƙon ki komai ba. Ina take kai tulunanta?

Naki cikin ladabi,
Makardoj


Daran, 1 ga watan Kartik

Makardoj,

Ina gaishe ka. Na karanta takardarka sau uku, na ajiye, na sake ɗauka.

Curi biyun da suka salwanta a soro, rabin laifin nawa ne. Na san amsar tun wancan lokacin, na riƙe, domin ta sa na yi mata alkawari. Yanzu na auna: in na cika alkawarin, za ta tafi ba giyarta. Gara ta yi fushi da ni.

Ka bi hanyar da ta sauka ta ƙasan gonar gero, ka wuce gadar gora, har marmaron da ke cikin itatuwa. Ta hagun marmaron akwai dutse mai baki kamar rumfa, an toshe shi da faifan dutse da ganye. Nan ne.

Tun damanar farko da aka yi kwanon, tuluna biyu suka lalace mata. Ta zubar ba ta gaya maka ba. Daga nan ta fara sauka da su can, ɗaya bayan ɗaya, a kwando a baya da igiya a goshi, ranakun da kake tafiya Fidim wajen tsofaffin sojoji. Da ƙirjin nan nata da ka sani. Na gan ta sau ɗaya ta hau da tulu, leɓɓanta sun yi baƙi, na ce wallahi sai na gaya maka. Ta riƙe mini hannu ta ce, “Yaya, mutumin nan ya yi shekara ashirin da huɗu yana tunanin abin da zai kawo mini. Ya kawo. Ba zan ce masa ya ɓata mini soro ba.”

Ban ce hawan nan ne ya kashe ta ba, likita ma bai ce ba. Amma abin da ke raina ke nan ranar binnewa da na ƙi kallon ka, kuma ban yi nadamar fushin ba.

Abu ɗaya kuma, don na san halinka: kada ka je ka ɗauko guduma ka hau rufin. Tana son kwanon nan. Damina talatin ta yi tana jan gado daga wannan kusurwa zuwa waccan saboda yoyo. Ranar da aka yi ruwan farko a kansa, ta ce mini ba ta taɓa jin kiɗa mai daɗinsa ba.

Yanzu aiki. Sanyi ya fara shigowa, ka ƙara bargo ɗaya. Mudu uku na tamba, kada ka wuce, curi ɗaya ba ya ɗaukar fiye da haka. Ka bar tambar ta huce sosai kafin ka barbaɗa. Kada kuka ya sa ka yi gaggawa.

Yayarka,
Aitarani


Yangnam, 19 ga watan Kartik

Yaya,

Ina gaishe ki, ina kuma godiya, ko da yake godiyar da nauyi.

Na je. Na ɗaga faifan dutsen. A ƙasa akwai gurbi huɗu, zagaye, inda gindin tuluna ya lotsa ƙasa. Na rataye ma'auni na yi yini a wurin: sha ɗaya da safe, sha biyu da rana. Ita ba ta da ma'auni, ta samo wurin da duk Yangnam babu kamarsa. Na zauna a bakin marmaron na yi kukan da ban yi ba ranar binnewa.

Na dafa mudu uku. Kwana na biyu iska mai sanyi ta taso daga kan tudu, kwandon ya yi shiru, ba ɗumi ba ƙamshi. Na ce shi ke nan, na kashe na ƙarshe. Na cire babbar rigata ta soja na naɗe shi, na ja shi kusa da toka, na yi ta sa ice ƙanana don kada wutar ta yi ƙarfi kada kuma ta mutu. Ban je gona ba, ban je ko'ina ba. Kwana na uku da yamma na cusa hannu, na ji ɗumi ya dawo, ƙamshi kamar na ayaba nunanniya. Nan take na juye a tulu.

Dambar ya ce zai ɗaukar mini. Na ƙi. Na sa igiya a goshi na sauka da kaina. Ƙaramin tulu ne, kuma gangara ce, amma sau uku na tsaya hutawa. A dawowa, ba kaya, sau biyar. Ni da aka ba lambar yabo saboda hawan dutse.

Ban taɓa rufin ba. Kullum da safe nakan sauka, in duba faifan dutsen yana nan, in dawo. Ba na buɗewa.

Ga roƙona. Ni ban isa in ce ta yi ko ba ta yi ba, duk shekarun nan sha kawai nake yi. Ki zo. Na yi magana da mai mota zuwa Fidim, daga can maza huɗu za su ɗauko ki a kujera. Ke za ki fara kurɓa.

Makardoj


Yangnam, 2 ga watan Pus

Yaya,

Ina fatan kin isa gida lafiya, hanya ba ta tayar da gwiwar ba.

An yi sallama, baƙi sun watse. Fedangma ya zuba mata, manya sun sha sun ce ta yi, amma ko ruwan wanki na ba su a ranar haka za su ce. Ke nake kallo. Al'ada ba ta bar ni in zauna kusa da yayar matata ba, balle in tambaye ki a gaban jama'a, shi ya sa na tsaya jikin ginshiƙi. Na ga an zuba miki ruwan zafi, kin jira, kin zuƙa sau ɗaya. Kin juya gefenki kamar za ki yi magana, sai kika ajiye tongbar kika fita. Washegari kafin in fito daga garke an riga an ɗauke ki.

In ta lalace, ki faɗa mini. Na fi so in san abin da na ba ta.

Makardoj


Daran, 12 ga watan Pus

Makardoj,

Na iso lafiya. Ina gaishe ka.

Giyar tana da aibu ɗaya: ta ɗan yi zaƙi fiye da kima. An sauke kwando da wuri, da an bar shi rabin yini da ya fi. Tun muna 'yan mata haka take yi, da ta ji ƙamshi sai ta kasa haƙuri, kuma shekara arba'in ina yi mata faɗa a kai.

Da na kurɓa, juyawa na yi in ce mata, “Sancarani, kin sake.” Har na buɗe baki.

Shi ya sa na fita.

Ka huta lafiya.
Aitarani