Jarrabawa a Daren Babban Azumi

Laraba, 3 ga Satumba

An zana alamar 'yan Nazi a bangon ajinmu, daidai kujerar da nake zama, ta ƙarshe kusa da taga. A ƙasa an rubuta "Yahudawa waje" da baƙar maka, alƙalamin nan mai kauri. Rubutun ma ba kyau, kamar na kaza.

Malam Ferreira ya shigo, ya gani, ya gyara tabarau, ya ce mu ci gaba daga inda muka tsaya. Na miƙe na ce, "Malam, tarihi kake koyarwa ko kau da kai?" Ya ce wannan maganar ofis ce, ba ta aji ba.

Da aka tashi Nahuel ya biyo ni matakala. Shi ne wakilin ajinmu a ƙungiyar ɗalibai, kuma shi kaɗai nake kira aboki a ginin nan. Ruso yake ce mini, laƙabin da ake yi wa kowane Bayahude a garin nan. "Ruso, na rantse da uwata ba mu ba ne. Mu fastocin Gaza muke mannawa, ba wannan ƙazantar ba." Na ce na sani. Amma tun da na shigo kullum sai an tsare ni a baranda in amsa laifin gwamnatin ƙasar da ban taɓa takawa ba, kai kuma kana tsaye kana shan shayin mate. Ni a unguwar Once aka haife ni, a saman shagon yadi. Idan kuna neman jakada ku je ofishin jakadanci.

Alhamis, 4 ga Satumba

Ban gaya wa Bobe Perla ba. Kakata ce, ta haura tamanin, ta ga abin da ya ishe ta.

Kawu Saul na gaya wa, muna auna yadin labule. Bai ɗago ba. Ya ce, "Ni dai alkawarinmu na sani. Na yarda ka riƙa barin shago da yamma shekara ɗaya. Ka ci, ka ci gaba. Ka faɗi, ka dawo bayan kanta, ka yi ta karanta tsofaffin littattafanka a banɗaki kamar da."

Shekarata ashirin da bakwai. Sakandare da dare na ƙarasa ta. Duk abin da na sani daga tulin gwanjon littattafai na titin Corrientes na tsinto shi. Ba wani mai maka da zai kore ni daga kujerar nan.

Litinin, 8 ga Satumba

Sun shafe bangon. Fentin ya fi na da fari, don haka yanzu akwai wani farin faci a gefen kaina, kowa ya san abin da ke ƙasa.

An kuma fitar da sanarwa: jami'a tana tir da "kowane irin nuna bambanci". Na karanta daga sama har ƙasa ina neman kalmar Bayahude. Babu. Ka ce bangon aka zaga.

Laraba, 10 ga Satumba

Na je wurin Dakta Ledesma, mai kula da harkokin ɗalibai. Mace mai fara'a, ofishinta cike da tukwanen fure. Ta ba ni kofi, ta ce ranta ya ɓaci ƙwarai, za a kafa kwamiti. Na ce wa ya zana? Ta ce kyamarar barandar ta lalace tun hunturu. Na ce to kwamitin ya fara da gyaran kyamara. Ta yi dariya, ta ɗauka wasa nake.

"Uriel, me za mu yi maka ka ji nan gidanka ne?" Haka ta tambaye ni, kamar baƙon otal.

Ban sami amsa ba. Abin ya ba ni haushi har a cikin bas.

Litinin, 15 ga Satumba

An sa ranar jarrabawa: Laraba, 1 ga Oktoba, da yamma. Na duba kalandar shago, wadda mahaucin Bobe ke rabawa. Daren Yom Kifur ne, shigar babban azuminmu na Yahudawa.

Ga amsar da na rasa.

Gaskiya tsakanina da takardar nan: ban yi azumin nan ba tun ina ɗan sha huɗu. Bara a ranar ma burodi da naman alade na ci a tasha. Amma wannan ba ruwansu.

Talata, 16 ga Satumba

Na koma ofis, ban ko zauna ba. Na ce kun shafe bango kun bar abin da ya fi bango. Kun sa jarrabawa a dare mafi girma a wurin mutanena, ba wanda ya ko ɗaga kai ya kalli kalanda. Da daren Kirsimeti ne fa? Na yi magana mai daɗi, ni kaina na ji. Dakta Ledesma ta yi ta rubutu, fuskarta ta yi ja. Ta ce za ta gyara yau ɗin nan.

Na fito ina jin kaina kamar wani.

Alhamis, 18 ga Satumba

Wai sun gyara.

Sanarwa a allo da kuma wayar kowa: "Bisa buƙatar wani ɗalibi daga al'ummar Yahudawa, kuma don girmama bambancinmu, an mayar da jarrabawar dukan aji zuwa Asabar, 4 ga Oktoba, da safe."

Asabar! Sun ɗauke ta daga azumi sun ɗora ta a kan Asabaci, ranar hutun Yahudawa. Gudun gara, faɗawa zago. Kuma ajin dare ne mu. Mai tuƙa tasi, mai aikin kantin magani, mai wankin kai a shagon gyaran gashi, duk Asabar ce ranar cinikinsu. "Wani ɗalibi" kuwa, wa bai san mai zama kusa da farin faci ba?

Kafin in kai gida wayata ta cika. Wani ya rubuta a zauren hirar ajin na waya: "Su kaɗan ne amma kullum su ke juya mu." Mutum da yawa suka danna masa alamar dariya. Na rubuta amsa mai tsawo, da uwayensu a ciki. Na tura.

Litinin, 22 ga Satumba

Sabuwar shekarar Yahudawa. Bobe ta yi miyar kaza da niƙaƙƙen kifi, ta tsoma tuffa a zuma ta tura mini a baki kamar jariri. "Ka rame, ɗan nan. Karatun ne ko mace?" Na ce karatun. Ta ce, "Asara. Da mace ce da an san maganinta."

Ban je aji ba. Na ce wa kaina saboda biki ne.

Laraba, 24 ga Satumba

Na je. Kujeru biyu na kusa da ni ba kowa.

Nahuel ya ce, "Ruso, ka kwafsa. Rosa mai wankin kai maigidanta ya ce in ta tafi ranar Asabar kada ta dawo. Da ka zo wurinmu da mun je tare." Na ce wurinku? Ku da kuka ga abin da aka rubuta a zaure kuka yi gum? Ya ce ya yi wa mutumin magana a gefe. Na ce a gefe. Zagi a kasuwa, ban haƙuri a ɗaki. Na ce masa matsoraci ne mai gemun aro. Ya kalle ni, ya tafi.

Alhamis, 25 ga Satumba

Malena Soria ta zo shago yau. 'Yar ajinmu ce, mai zama a layin gaba, ban taɓa jin muryarta ba sai in an kira suna. Na ɗauka yadi take so.

Ta ce, "Kai ne ka yi mini wannan aikin." Ashe uwarta Bayahudiya ce, 'yar unguwar Villa Crespo. Ashe tana azumi, tana kiyaye Asabaci, ko alƙalami ba ta riƙewa ranar. Ba wanda ya sani a jami'a, ba ta so a sani. Duk shekara in jarrabawa ta faɗo a ranar biki, sai ta yi shiru ta ƙi zuwa, ta jira ta maimaici, wadda ake yi wa waɗanda suka faɗi. Kowa yana da dama biyu, ita ɗaya take amfani da ita, ba ta taɓa faɗuwa ba. Yanzu da aka matsa ta farko zuwa Asabar, ta maimaicin ma an matsa ta zuwa Asabar ta gaba.

"Ba ni da ko ɗaya ke nan. Kai kana azumin ma kuwa?"

Na ce ba wannan ba ce maganar.

"Wannan ce maganar a wurina," in ji ta. Ba ta ɗaga murya ba ko kaɗan. Da ta yi ihu da na san yadda zan yi da ita.

Na ce ɓuya da kike yi shi ya sa suke taka mu. Ta ce, "Wataƙila. Amma ɓuyata ni kaɗai ta ci wa. Ihunka ya ci wa aji guda."

Kawu ya ji komai daga bayan labule. Da ta fita ya ce, "Yarinyar nan ta fi ka iya awo."

Juma'a, 26 ga Satumba

Na bar karatun kawai. Kanta ba ta zagin kowa.

Asabar, 27 ga Satumba

Ban bari ba. In na bari, mai makar ya ci. In na bari kuma Malena tana nan ba jarrabawa.

Litinin, 29 ga Satumba

Ofis, karo na uku. Na zauna. Na sha kofin.

Na ce a mayar da jarrabawar ranar Laraba yadda take, ta maimaici ma Laraba ta gaba. Dakta Ledesma ta buɗe ido. "Amma kai ka nema!" Na ce na nema, ku kuma ba ku tambayi kowa ba kafin ku zaɓi Asabar. Kalmar "jahilci" ta zo har haƙorina. Na haɗiye. Ɗaci gare ta.

Na nemi a ba duk mai azumi wata rana dabam ba tare da ya rasa damarsa ta biyu ba. Ta ce wannan sai majalisar tsangaya ta zauna, kuma sai Nuwamba. Abin da ke hannunta shi ne mayar da ranar. Ta tambaya a hankali, "Akwai wani ne ban da kai?" Na ce ban san kowa ba sai ni.

Tana rakiyata ta ce, "To kai za ka rubuta ranar Laraba ke nan?"

Ban yi tunanin wannan ba sam. In na shiga na rubuta a daren azumi, bayan duk hayaniyar nan, na zama abin dariyar gini guda, kuma duk Bayahuden da ya zo bayana za a ce ƙarya yake. In na ƙi, saura mini dama ɗaya, shekarata da alkawarin Kawu duk a kan takarda guda.

Talata, 30 ga Satumba

An mayar. Sanarwar ta ce "saboda dalilan tsari". Rosa ta turo mini hoton babban yatsa, ba kalma. Mutumin zaure ya rubuta, "Yau ga Asabar, gobe ga Laraba, sai yadda Ruso ya ga dama." Na ajiye wayar a aljihun kanta na rufe.

Laraba, 1 ga Oktoba

Ban je ba.

Na raka Bobe majami'armu ta Yahudawa, tunda ƙafarta. 'Yan sandan ƙofa sun san ta, ni suka bincike. Na yi niyyar juyawa daga nan, ta riƙe mini hannun riga. Mutane fal, duk da farare. Na tsaya a baya ina lissafin cewa yanzu suna tambaya ta farko.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Shago a rufe. Na yi karatu wuni guda. Ba azumi na yi ba, ba abinci a gidan ne kawai.

Lahadi, 5 ga Oktoba

Malena ta turo mini taƙaitawarta ta babi na ƙarshe. Ta rubuta: "Ka san abu da yawa, amma kana amsa tambayar da kake so, ba wadda aka yi ba. Ka karanta tambayar sau biyu." Wa ya tambaye ta?

Na karanta taƙaitawar. Ta fi tawa.

Laraba, 8 ga Oktoba

Ƙaramin ɗaki a hawa na uku. Ni, Malena, da waɗanda suka faɗi makon jiya. Malam Ferreira ya miƙo mini takarda, ya ɗan tsaya kamar zai ce wani abu, ya wuce.

Tambaya ta biyu muguwa ce.

Laraba, 15 ga Oktoba

Shida cikin goma. Huɗu ake nema. Malena tara, ba mamaki.

Kawu ya ce, "Shida? Yadi shida ko labulen falo ba ya yi." Sai ya ce wa yaron ɗaukar kaya daga yanzu shi zai riƙa rufe shago har shekara mai zuwa.

Ba a gano mai makar ba. Ba za a gano ba. Majalisa sai Nuwamba, in ta zauna.

A tashar bas na ga Nahuel. Yana cikin waɗanda suka faɗi ta farko, a ɗakin nan muka rubuta tare, ba mu kalli juna ba. Ya matso yana murza gemu. "Ruso. Ya ka yi da ta biyu?"

Ina da magana a shirye tun makon jiya, na goge ta tas, da ta shige shi har ƙashi. Sai na ji bakina yana cewa ta biyu ta kusa kashe ni. Ya ce ai tambayar ce ba daidai ba. Na ce daidai take, kai ne ba ka karanta ta sau biyu ba. Muka kaure da gardama a kan dokar filaye ta shekara ɗari da wani abu da suka wuce, har wata tsohuwa ta matsa daga kusa da mu. A tsakiya ya ce zai kai maganar ranakun azumi gaban majalisa da sunan ƙungiya, in zan rubuta masa ita ba zagi. Na ce zan gani.

Ban yafe masa ba. Bas biyu dai suka wuce ni.