Sunana a Kaset ɗin Sabitu

Ƙofar Ran, Bauchi
Maris, 1985

Ƙanwata Saudatu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da maigidan da yara kuna lafiya a Gombe. Mu nan alhamdu lillahi, barci ne kawai ya yi ƙaura.

Ɗanki Sabitu, wanda kika turo mini ya karanci injiniya, ya zama mawaƙi. Kin dai ga sumar da ya tara da wandon nan mai share titi. To, ya haɗa jita da kukuma da ganga, shi da abokansa suka shige ɗakin zaurena, suka toshe taga da bargo, suka ɗauki waƙa. Ba kamfanin da zai taɓa ta, don haka da kansa yake kwafa da rediyo biyu, ya zana bangon kaset da biro, ya kai kasuwar Wunti. Waƙar a kan layin shinkafa ce da bulalar soja. Ta yi daɗi kuwa, har na kama ƙafata tana kaɗawa.

Tarbiyyarki ce ta jawo mana, Sauda. Da ya gama da masu bindiga, sai ya yi abin da kowane mawaƙin kirki ke yi, ya shiga gaida masu alheri: "Ina gaida Mijinyawa tela, mai aron rediyo. Ina gaida Agnes ta Yelwa, mai amshi. Ina gaida Kawu Mansir malamin tarihi, na Ƙofar Ran, mai ɗaki, mai sayen jita." Na karanta tarihin masu tawaye iri-iri, ban taɓa cin karo da wanda ya rera wa hukuma adireshi ba.

Da na yi masa magana, cewa ya yi, "Haba Kawu, in ci alherinku in yi shiru?" Jiya masu farin kaya suka tafi da Mijinyawa. Na sallami yaron, ya bar gari.

Ki yi mana addu'a.
Yayanki, Mansir


Gombe

Yaya,

Bayan gaisuwa da girmamawa. Wasiƙarka ta zo ta hannun direba. Don Allah ka bar ba'a. Ni kaina na ji waƙar a tasha, da aka zo sunanka sai da na dafa bango.

Ku bi kasuwa ku saye kaset ɗin ku ƙone. In an tambaye ka, ka ce wani Mansir ne, ai ba kai kaɗai ba ne a Bauchi. Yaron nan ya aiko mini, na san inda yake, yana lafiya. In kana so in rubuto maka wurin, don hankalinka ya kwanta.

A gaida matarka Habibatu. Allah ya tsare.
Saudatu


Ƙofar Ran
Afrilu

Sauda,

Ina gaisuwa. Kada ki rubuto. Kada ki aiko da baki. Kin san yayanki, allura ma sai an riƙe ni. Mari ɗaya zan faɗi abin da na sani, in ƙara da wanda ban sani ba. Jahilcina ne kaɗai abin da zan iya ba yaron nan, ki bar ni da shi.

Ƙonawa kuwa ta wuce. Duk wanda ya saya ya kwafa wa abokansa, har masu shayi na da ita. Maganar wani Mansir kuma, na duba, malamin tarihi mai wannan suna a Ƙofar Ran ɗaya ne, kuma ni nake aske masa gemu.

Masu farin kaya bi da bi suke ɗaukar mutane, yadda waƙar ta jera. Mijinyawa bai dawo ba. Agnes ta dawo, na je dubiya. Na gaishe ta, ta dubi bayana, ta ɓoye hannuwanta cikin zane. Uwarta ta raka ni ƙofa ta ce, "Malam, tambaya ɗaya suke yi: ina yaron mai jita?" Na kama hanyar gida. Yanzu ko akuya ta taɓa ƙyaure sai in tashi in leƙa.

Dangin Habibatu sun ce in je rugarsu bayan Gubi in ɓuya. Na so, wallahi, har na ɗaure kaya. Amma in suka zo ba su same ni ba, ita za su ɗauka. In ba ita ba, su tambayi inda uwar yaro take, ke kuma kin sani. Gara su ɓata lokacinsu a kan wanda ba shi da amsa.

Ki yafe mini ba'ar, da ita nake riƙe hannuna ya yi rubutu.

Yayanki, Mansir


Ƙofar Ran

Saudatu,

Salamu alaikum, ni ce Habibatu. Ran Litinin da hantsi masu farin kaya suka aiko kiran Malam. Bai jira mota ba. Ya sa rigarsa ta Juma'a, ya yi nafila, ya kasa ɗaura agogo sai da na ɗaura masa. Ya tafi da ƙafarsa. A bakin ƙofa ya ce in gaya miki ni ma kada ki faɗa mini komai.

Har yau shiru. Kullum ina zuba masa tuwo in rufe.

Allah ya sada mu da alheri.
Habibatu