Ƙorafin Mma Nkoyo Kan Jikarta Da Aka Saka A Motar Wasu

Daga: Mma Nkoyo Orok Edem,
Shugabar Makarantar Firamare mai ritaya,
Lamba 14, Layin Masu Kifi, Esuk Ekpri, Kalaba.

28 ga Disamba, 2023.

Zuwa ga: Mai Girma Ete Okokon Ita Ansa,
Shugaban Kwamitin Lambun Fitilun Kirsimeti na Esuk Ekpri.

Game da: Miƙa jikata Asari ga mutanen da ba nata ba, da ɓata mini suna a lasifika

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan ka yi Kirsimeti cikin iyalinka, abin da ni ban samu yi ba saboda kwamitinka, ina gabatar da ƙorafina kamar haka.

1. Ranar Asabar, 23 ga Disamba, da misalin ƙarfe shida da rabi na yamma, na shiga lambunku da jikokina uku: Edem mai shekara takwas, Arit mai shida, da autarsu Asari mai uku. Ɗana Effiom da matarsa Uduak ne suka ba ni amanarsu, kamar yadda suka saba kowace shekara. Muna sanye da ankon gidanmu na bana, koriyar atamfa mai zanen ƙararrawa. Ban san 'yan kasuwa sun sayar wa rabin jihar nan wannan atamfa ba, kuma ban ga laifina a ciki ba.

2. Da ƙarfe bakwai da minti goma, muna kan layin zuwa wurin giwar fitilu, wadda Asari ta yi mako guda tana hana kowa sakat a kanta, sai wuta ta ɗauke. Janaretan kwamiti bai tashi ba sai bayan minti ashirin da biyar, domin babu ɗigon mai a cikinsa. Jama'a suka rikice, aka fara turereniya cikin duhu. Ina so a rubuta wannan a inda ba zai goge ba: ina riƙe da hannun yarinyar. Ban sake ta ba sai da aka bangaje ni na faɗi a kan gwiwoyina, kuma ciwon yana nan ga duk mai son gani.

3. Mai gadinku na ƙofar gabas, wani wai shi Ubi, ya tsinci Asari tana kuka. Yarinyar nan ta san sunanta, ta san na ubanta, ta san layinmu, domin ni na koya mata. Bai tambaye ta komai ba. Tocila kawai ya haska wa rigarta, ya waiga ya hango wata bas tana lodin mutanen wani babban gida daga garin Akamkpa, yara kusan ashirin duk cikin koriyar atamfa mai ƙararrawa, sai ya ɗaga jikata ya zura ta ta taga kamar ƙunshin kayan miya. Kowace mace a motar ta ɗauka 'yar wata ce a cikinsu, direba ya ja. Da wuta ta dawo na tsare shi da tambaya, ga amsar da ma'aikacinka ya ba ni a gaban shaidu: "To Mma, ai kayansu iri ɗaya ne. Me kike so in yi, in ce ta nuna mini katin shaida?"

4. Ba zan rubuta yadda muka kasance daga wannan lokaci zuwa wayewar gari ba, domin ba maganar takardar ofis ba ce. Ranar Lahadi, 24 ga wata, da ƙarfe tara na safe, wata baiwar Allah mai suna Mma Iquo, daga wancan gida na Akamkpa, ta kawo mana Asari da kanta. Sai da suka zo raba abincin safe suka ga kwano ya kasa da ɗaya, sannan suka tambayi yarinyar, ta kuwa faɗa musu komai daki-daki. Tambayar da Ubi ya kasa yi ke nan.

5. Ga ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Maimakon kwamiti ya zo ya ba da haƙuri, tun daga yammacin wannan Lahadi sakatarenka yake shela a lasifika kowace rana yana cewa: "Iyaye, a riƙe yara da kyau! Kada ku yi irin ta wata tsohuwa 'yar Layin Masu Kifi, da ta tsaya ɗaukar hoto ta saki jikarta!" Jama'a kuma suna ta dariya. Ranka ya daɗe, wayata mai madannai ce, ko hoton ƙuda ba ta ɗauka. Ƙarya ce tsagwaronta, kuma an shirya ta ne don kada kowa ya tambayi inda man janareta ya shiga. Layin namu gida ashirin ne, babu wanda bai gane wadda ake nufi ba. A kasuwa Uduak ta ji labarin. Ta zo har ɗakina ta ce: "Mama, ba raini ba ne, amma yaran nan sun gama fita da ke." Ɗana da na haifa yana tsaye yana kallon ƙasa. Ranar Kirsimeti na dafa shinkafa da miyar afang ta mutum shida, na ci ni kaɗai. Yau kwana huɗu rabona da jikokina, kuma abin yana ci mini rai fiye da yadda zan iya faɗa.

Shekara talatin da huɗu na yi ina sallamar yara arba'in-arba'in kowace rana, ban taɓa ɓatar da ɗan kowa ba. Kai shaida ne, domin ka zauna a ajina na uku shekara biyu, kuma ka san dalilin da ya sa suka zama biyu.

Saboda haka ina roƙo, cikin ladabi, a dakatar da wannan shela daga yau. A wannan lasifikar kuma, da bakin wannan sakataren, a faɗi gaskiyar abin da ya faru. Ba na neman a kori Ubi, a dai koya masa cewa riga ba ta faɗin gidan su yaro. Na ƙarshe, wanda ya fi kome muhimmanci a wurina, ina roƙon ka taka da ƙafarka zuwa gidan Effiom ka faɗa wa matarsa cewa ban saki hannun Asari ba. Ni ta daina jin tawa, amma za ta ji taka.

An ce ranar 1 ga Janairu za ku kwance fitilun. Asari har yanzu ba ta ga giwarta ba, kuma ni nake so in kai ta, hannunta cikin nawa. Idan Lahadi, 31 ga wata, ta zo ba a yi abin da na roƙa ba, ina sanar da kai cikin girmamawa cewa zan sa ankona in zo lambun, in tsaya a gindin giwar, in karanta wannan takarda daga farko har ƙarshe. Kada sakatarenka ya wahalar da kansa wajen ɓoye lasifika, ba na buƙatarta. Okokon, ka san muryata.

Ka huta lafiya, tare da dukkan girmamawar da kujerarka ta cancanta.

Taka mai biyayya,
Mma Nkoyo Orok Edem,
Kakar Asari, kuma malamarka ta aji uku.