Lambar ƙahon da ke cikin sunana

Zuwa ga Tanti Selbi, a ƙasar Indiya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kin isa gida lafiya, kin tarar da mahaifiyarki cikin ƙoshin lafiya. Ni ce Delu, 'yar Malam Isa direban furoje, wato shirin raya kiwo, maƙwabciyarki ta Tanut. Kin san baki na yi mini nauyi, shi ya sa na zaɓi takarda.

Akwai abin da nake so in tambaye ki, kuma ina jin kunya.

Kin tuna ranar da na kawo miki nono a buro, ofishinki, na tarar kina fama da na'urar nan mai gilashi, odinata? Kika ce kina koya mata rubutunku na Tamil don ki aika wa mahaifiyarki wasiƙa. Kika ce ita na'urar ba ta san harafi ba, lamba kawai ta sani, sai an ba kowace alama lambarta.

Kika buga sunana. Wata alama mai lanƙwasa kamar ƙahon rago ta fito a gaba. Kika ce wasali ne, a takarda shi ke tsayawa kafin harafinsa, amma a cikin na'ura lambarsa a baya take, yadda baki ke faɗa. Na kasa ganewa, kika yi dariya kika ce irin wannan ƙahon yana cikin sunanki ke ma. Sannan kika ja mini layuka gida-gida, alama a sama, lamba a ƙasa, kika rubuta sunana da boko a kai, kika ba ni.

Na ɓoye takardar a ƙasan akwatina, ban nuna wa kowa ba.

Bayan tafiyarki akuyoyinmu biyu suka yi ɓari, sai Inna ta kwanta da zazzaɓi. Gwaggo Hajara ta zo daga Belbeji jinya, tana neman zane a akwatina ta ga takardar. Aka kai wa malamin unguwa. Ya daɗe yana dubawa, ya ce shi dai duk inda ya ga harafi da lamba cikin gidaje hatimi ne, kuma wannan ba na Larabci ba ne, ga sunan yarinya a ciki.

Baba ya tambaye ni. Na fara yi masa bayanin na'ura. Da na ce abin da ke gaba a takarda a baya yake a ciki, sai Gwaggo ta ce ai haka aikin asiri yake.

An ƙone takardar a tsakar gida, ina kallo.

Tanti, kwana uku bayan haka Inna ta tashi ta sha fura. Na san Baba ya karɓo mata kinin, maganin zazzaɓi, a asibiti. Amma me ya sa sai bayan ƙonawar? Me ya sa ni kaɗai kika rubuta wa, ba ki rubuta wa sauran 'yan matan layinmu ba? Me ya sa kika ce in adana sosai? Nakan tuna yadda kike shafa mini man kwakwa a kai, sai in ji kunyar tunanina. Can kuma ya dawo.

Ba su san na haddace lambobin ba. Ba zan rubuta su a nan ba, ki yi haƙuri.

Don Allah ki aiko mini da sunanki, gida-gida, da lambobinsa, ta hannun likitan dabbobi na furoje. In na ga lambar ƙahona a cikin naki sunan, hankalina zai kwanta, don ba za ki ɗora mini abin da kike tsoro a kanki ba.

Allah ya tsare ki, ya ƙara wa mahaifiyarki lafiya, ya sa Gwaggo ce ta yi kuskure.

Taki mai jiran amsa,
Delu