Sallar da Na Yi Maka Ba da Izinin Umma Ba

Zuwa ga Yayana Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da ban girma irin ta ƙani ga wansa, ina fatan wannan ta same ka cikin rahamar Ubangiji. Ka lura ban ce ina fatan kana lafiya ba. Yau ne karo na farko da na gaishe ka gaisuwar waɗanda suka riga mu.

Ni ne Habibu, autan Umma, wanda ka bari a sakandare. Yanzu ina Kuala Lumpur ina karatun digiri na uku, ina haya a wani dogon bene a unguwar Sentul. Na san da ka ji sai ka kwashe da dariya, ka ce yaron da yake ɓata tsakanin gida da Kasuwar Rimi shi ne ya tsallaka teku.

To, kai ma ai abin dariyar ne. Bakano, ko kududdufin bayan gidanmu ba ka taɓa shiga ba, ka tashi ka ce sai sojan ruwa. Aka ɗauke ka, ruwan ma bai ishe ka ba, sai da ka koyi tuƙa jirgi mai saukar ungulu, kana tashi daga kan jirgin yaƙi kana sauka a kansa. Umma takan ce, "Nasiru, duk faɗin ƙasar nan, inda ba a taka ƙafa can ka zaɓa?" Kai kuma ka ce ai direbobin hanyar Zariya sun fi ka kasada.

Da faɗa ya yi zafi a yankin ruwa aka tura ku. Wata safiya kun tashi ku uku, kun ɗauko sojojin da aka raunata, kun doshi jirgin ruwanku, ba ku isa ba. An yi nema har an gaji. Ba a ga jirgin da kake tuƙawa ba, ba a ga kowa ba.

Manyanku suka zo gida da fararen kayansu, da tuta a naɗe. Umma ta sa aka kawo musu ruwa da abinci, ta yi godiya, ta ce su koma da tutarsu. Ta ce wanda bai nuna mata gawa ba kada ya kira mata ɗa mamaci. Shi ke nan, magana ta ƙare. Ta daina cin kifin ƙanƙara, ba ta faɗi dalili ba, mu ma ba mu tambaya ba. Sama da shekara goma, in baƙo ya tambayi babban ɗanta sai ta ce yana wurin aiki, mu kuma mu sunkuyar da kai.

Juma'ata ta farko a masallacin unguwarmu a nan, an sallame ina shirin neman takalmina, sai ladan ya yi sanarwa da yarensu, mutane suka miƙe suka sake ta da sahu. Na tsinci kalmar jana'iza a ciki, na bi su. Ina ta leƙe ta kan kafaɗun mutane ina neman makara. Babu makara, Yaya. Liman ya yi kabbara huɗu, gabansa ba komai sai darduma. Na fito ina cewa a raina, mutanen nan sun yi sallar gawa sun manta gawar a gida.

Maƙwabcina, wani dattijon Malay da ake kira Pak Hasan, shi ya warware min muna shan shayi a shagon mamak, wato shagon shayi da abinci, na ƙasan benenmu. Sallar ga'ib ce, wadda ake yi wa wanda ya rasu babu gawarsa a wurin. Na taɓa jin ta a Islamiyya, amma a unguwarmu ta gida ban taɓa ganin an yi ba. A nan kuwa da wuya Juma'a ta wuce ba a yi ba. Duk mai mamaci a nesa sai ya faɗa wa ladan sunan.

Na daɗe ina shiga sahun nan ina sallatar mutanen da ban sani ba. Kowace kabbara kai nake gani, amma ban taɓa barin niyyata ta kai kanka ba, don tsoron Umma. Kwanan baya na ba Pak Hasan labarinka, ashe shi ma ƙaninsa masunci ne, teku ta riƙe shi. Ya tambaye ni ko an sallace ka, na ce a'a. Ya ajiye kofinsa, sannan ya ce, "Boleh, lah. Wannan Juma'ar ma boleh." A yarensu wato zai yiwu.

Juma'ar da ta wuce na je wurin ladan na faɗi cikakken sunanka, haɗe da na Baba. Ban kira Umma ba. Kada ka ce mantuwa na yi. Da gangan na ƙi kira, don na san amsar da zan samu.

Ladan ya karanto sunan da harshensa, ya ce mutumin Najeriya ne. Masallaci ya miƙe: Malayawa, leburorin Bangaladash da ƙurar gini a wandunansu, 'yan Indonesiya, da ɗaliban gida ƙalilan da suka juyo suna kallona. Liman ya yi kabbara huɗu, muna binsa. Zan gaya maka gaskiya, da aka sallame sanyi na ji a ƙirjina, kamar an sauke min buhu daga ka. Sanyin nan shi ya fi komai damuna. Ina ni ina jin sauƙi ranar da na binne wa uwata ɗa a bayan idonta?

Na san wasu za su karanta wannan su kawo min maganar mazhaba, wannan ya ce ya halatta, wancan ya ce bai halatta ba. Su yi haƙuri, ba fatawa nake nema ba. Abin da ke cin raina daban ne. Ita ta yi naƙudarka, ita ya kamata ta ce ka tafi. Amma kai ma kana da haƙƙi a kanmu. Ka je ɗauko 'ya'yan wasu ka mayar wa iyayensu, mu naka ko kabbara huɗu mun hana ka.

Ranar Lahadi na kasa daurewa, na kira ta na faɗa mata. Sai ta tambaye ni sahu nawa aka yi. Na ce ban ƙirga ba, amma an cika har farfajiya. Ta tambaya ko sun san ka, na ce ko mutum ɗaya. Ta ce, "Da ka tambaye ni, da na hana ka." Ta kashe.

Jiya Anti Rabi, ƙanwarta, ta turo min saƙo. Wai Litinin da safe Umma ta sa an share soro, an shimfiɗa tabarmi, ta zauna a tsakar gida da carbinta. Mata suna shigowa suna cewa ya haƙuri, tana amsa musu da godiya. Ta rame a kwana biyu, in ji Anti. Duk unguwa an yi mata gaisuwa, ban da ni. Ina kira, tana gani, ba ta ɗauka.

Allah ya jiƙan ka, Yaya, kai da abokan tafiyarka da waɗanda kuka ɗauko. Allah ya karɓe ku a cikin shahidai, ya haskaka muku inda kuke kwance, tunda shi ya san wurin. Allah ya yalwata wa Umma ƙirjinta da abin da na ɗora mata daga nesa. Idan na yi kuskure ya yafe min, idan daidai na yi ya sa ta gane. Ko ma wanne ne, ya sa gobe in na kira ta ɗauka, ko zagina ne ta yi.

Ƙaninka da ya sallace ka,
Habibu
Sentul, Kuala Lumpur